Ƙananan Da Na Zuba A Kwalbar Haruna

Ranar da muka sauka Faris, ni da Haruna, haƙorana ne suka fara gaisawa da juna tun kafin in gaisa da kowa. Kai, sanyi! Ni da na sa kwat ɗin da aka ɗinka mini a Damagaram don a san malami ya iso, sai ga ni ina rawar ɗari. Shi kuwa gogan ya naɗa rawani irin na Buzaye, ya lulluɓa da bargon uwarsa, yana tafe yana kallon gine-gine hankali kwance. Turawa sai waiwayensa suke suna murmushi, ni ko kallo ban ishe su ba.

Haruna taubashina ne, ɗan Goggo Mariya ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangijina, mu zagi juna a yi dariya. Na girme shi, na kuma fi shi lakwal, wato karatun boko, nesa ba kusa ba. Ni malamin gona ne a Tanut. Shi daga sartifikar firamare ya tsaya, ya bi dabbobin ubansa wajen Tenhiya har babban fari ya share su. Da wani tsohon Bafaranshe ya zo yankinmu na Damargu binciken ƙadandoniyar da ke cinye mana irin gyaɗa cikin rami, ni aka ba shi in yi masa jagora. Mutanen Tanut suka sa masa Sarkin Ƙwari. Wata rana ya ce yana son mai tona masa ƙasa, ni da bakina na ce ina da wani bawa a gida yana zaman banza. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da na bar shi gindin aduwa yana korar ƙuda.

Bayan damina biyu, wajen ƙarshen shekarun saba'in, tsohon ya ɗauke mu duka: wata ɗaya a Faris mu koyi aiki, wata biyu a Madagaska mu yi shi. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce yana da bursu guda ɗaya tak, wato kuɗin karatun shekara biyar a Faransa, kuma a ƙarshen tafiyar zai ba ɗayanmu. Na ce a raina, ai wannan ba sai an yi shawara ba.

A Faris aikinmu a wani ɗaki yake ƙarƙashin ƙasa, kwalabe jere har rufi, ko'ina warin alkol, ruwan da ake adana ƙwarin a ciki. Nan na fara ganin abin da za mu nema. Ƙadandoniya ce, amma ba doguwar nan tamu mai naɗewa kamar gammo ba. Wannan gajeruwa ce, mai kauri, idan ta ji tsoro sai ta dunƙule ta zama ƙwallo, ba kai ba ƙafa, ko allura ba ta samun ƙofa. Babu irinta a ƙasarmu ko kusa.

Tsohon ya shimfiɗa taswira ya ɗora lofensa a kai don kada ta naɗe. Ya nuna mana kudancin Afirka, ya ce akwai masu dunƙulewa a nan. Ya nuna Madagaska, ga ta nan daf da Afirka, ya ce akwai su. Sannan ya ja yatsa can ƙetaren teku har kudancin Indiya, ya ce nan ma akwai. Ya tambaye mu, na Madagaska da wa suka fi kusa a dangi?

Na yi farat na ce, ina kiransa yadda muke kiran malami a lakwal, "Da na Afirka mana, Mushe. Ga su maƙwabta."

Ya girgiza kai. Ya ce alamu duka Indiya suke nunawa. Abu ne da ba ya tashi sama, ba ya iyo, yini guda a rana ya mutu, to wa ya ƙetarar da shi teku? Ya ce babu wanda ya ƙetarar da shi. Ƙasashen ne a da can suke haɗe, suka tsage. Afirka ta fara ɓallewa, Madagaska da Indiya suka daɗe manne da juna, daga baya Indiya ta yi arewa da nata rabon a bayanta.

Na yi dariya na ce da Haruna da Hausa, "Ka ji tsoho, wai ƙasa tana tafiya."

Sai bawan nan, da guntun faransancinsa mai kama da na sojan da, ya ce wa tsohon shi ya yarda. Ya ce ya ga tudun rairayi ya taso daga arewa ya binne rijiyar ubansa cikin shekara shida, to wanda ya tafiyar da tudu me zai hana shi tafiyar da ƙasa? Ya ƙara da cewa makiyayi ba ya sanin asalin raƙumi daga inda ya same shi yana kiwo, sai ya duba shaidar da aka ƙona masa a wuya. Tsohon ya cire tabarau ya dube shi ya daɗe. Ya ce haka ne, kuma shaidar wannan halitta tana jikin namiji, a ƙafafunsa na can baya da yake riƙe mace da su, da wasu 'yan zane-zane da yake gogawa su yi ƙara don ta warware. Ya nuna mana hotunan ƙafafun da aka zana da hannu, kowace ta cika shafi. Ranar ban iya cin abincin rana ba, na ce wa Haruna cikina ne.

Daga Faris sai Tananarif, babban birnin Madagaska, gari kan duwatsu, ko'ina matakala, mutane sun yi layi tun asuba don shinkafa da sabulu. A tashar jirgin ƙasa wani mai lakkitai ɗaure a wuya ya tare mu da faransanci tsaf, ya ce shi ma'aikacin tasha ne, duk abincin da ya shigo daga waje sai an duba. Tsohon yana can wajen tikiti. Haruna ya taɓa ni ya ce, "Ubangijina, dubi takalminsa, ma'aikaci ba ya sa wannan." Na ce, "Rufe mini baki, bawa, kai me ka sani game da hukuma?" Na miƙa wa mutumin buhunmu, na haɗa masa da godiya cikin faransanci mai kyau don ya san da wa yake magana. Garin gero ne a ciki, da kilishi, da cuku, guzurin wata biyu da iyayenmu mata suka haɗa. Har jirgi ya yi kuka ya tashi ba mu sake ganin ƙeyarsa ba.

Haruna ya zauna kusa da ni. Da jirgi ya fara gangara ya kwance bakin rawaninsa ya fito da dabino da ɗan cuku da ya ƙulle tun gida, ya raba biyu ya ba ni babban. Na karɓa na ci, yunwa ba ta san girman kai ba. Amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga jirgi muka hau kamyo, babbar motar kaya, daga kamyo muka taka da ƙafa yini guda, har wani ƙauye a bakin dajin gabas. Aka ce mai yi mana jagora sunansa Rabe. Na yi murna na ce Allah ya kawo mu gidan Bahaushe, sai ga wani ɗan siririn dattijo da malafa, ko "sannu" bai sani ba, ashe su ma suna da sunan. Mutumin kirki ne. Matarsa ta ga muna salla, ta ga ba mu taɓa miyar da aka sa naman alade ba, washegari ta wanke wata tukunya da toka ta ware mana ita, ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Bayan kowane abinci takan tafasa ruwa cikin ƙanzon shinkafa ta miƙo mana da zafinsa. Ba fura ba ce, ko kusa, amma ita ce ta riƙe ni.

Abin da ya fi cin raina a ƙasar nan ruwa ne. Ga rafi nan yana wucewa dare da rana ba mai kallonsa. Ga ganye ya ruɓe ya yi tudu, ƙasa baƙa wuluk, ka jefa tsinke ya tsiro. Nakan tsaya in tuna mahaifina a ƙauyenmu kusa da Belbeji, yana ɗaga kai sama wata guda cur yana neman gajimare ko na tafin hannu. Na ce, ya Rabbi, ba na ja da rabonka, amma ko abin da ke zuba daga indararon Rabe ka ba mu ai mun cika rumbu. Har ƙasar ma na ji ina hassada da ita. Ga matsattsaku, su hau ka ba ka sani ba, sai ka cire takalmi ka ga jini.

Kwana goma sha biyu muna tonon ruɓaɓɓen ganye ba mu samu komai ba sai ɓawon matattu. Rabe ya ce sai an yi babban ruwa suke fitowa. Ana haka saƙo ya zo cewa takardar izininmu tana da gyara, dole tsohon ya sauka gari. Kafin ya tafi ya ajiye mana manyan kwalabe biyu da alkol, ya rubuta sunana LAWALI a ɗaya, HARUNA a ɗaya. Ya ce, "Kowa ya zuba nasa a tasa. Kada ku ɓanɓare su da ƙarfi, za su karye, ni zan buɗe su in na dawo. Maza nake so. Kuma ku ji da kyau, ba wanda ya fi faransanci nake nema ba, mai ido nake nema." Da ya faɗi haka Haruna yake kallo, ko kuwa ni ne na ga haka, Allah masani.

Kwana biyu da tafiyarsa sama ta ɓalle. A ranar kuma masassara ta kayar da Haruna. Jiki zafi rau, haƙora na kaɗawa, ko zama ba ya iyawa. Na ba shi kinin, na lulluɓe shi da bargonsa da kwat ɗina. Ya kama hannuna ya ce, "Ubangijina, yau kai za ka yi wa bawanka bauta. In ka samo ka raba mana." Na ce, "Kwanta, raggo, ka taɓa ganin inda ubangiji ya bar bawansa da yunwa?"

Da muka shiga daji da Rabe, subhanallahi! Ga su nan ko'ina, kan kututture, kan hanya, kore shar suna ƙyalli, wasu baƙi da ja a gefe. Ka kai hannu sai ka ji ƙwas, ta zama ƙwallo. Manyan sun kai goruba, nauyi guda a tafin hannu. Ƙananan ba su wuce goro ba. Kwana uku ina cika jakar fata ina dawowa.

Rana ta uku da la'asar na zazzage su duka kan tabarma. Ruwa na dukan jinka, Haruna ya juya fuska wajena, ido a rufe, yana numfashi da ƙyar. Na kira sunansa sau biyu bai amsa ba. Na zauna ina kallon kwalaben nan biyu, zuciyata tana ce mini: kai ka yi lakwal, kai ka kawo shi, kai matsattsaku suka sha, sannan a ce wannan mai bin jelar akuya shi zai zama dokta ka koma Tanut kana rabon maganin fara? Kullum shi ne mai ido, shi ne mai magana mai daɗi, shi ne ake waiwaye.

To ni ɗan manomi ne kuma jikan makiyaya. A gidanmu in za a ware iri, manyan zangarniya ake zaɓa. Rago ya fi tunkiya, amale ya fi taguwa, zakara ya fi kaza, ban taɓa ganin inda mace ta fi namiji jiki ba. Maza yake so? Ga maza nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tsince manyan tas na zuba a kwalbata, har sai da na danna kafin murfi ya rufu. Ƙananan, 'yan tsirarun da na ɗauka mata ne da 'ya'ya, na share su da gefen hannu na zuba wa Haruna. Na sa hannu na gyara masa bargo, don munafunci ma yana da ladabi.

Da tsohon ya dawo Haruna ya fara tashi, yana shan ruwan ƙanzo. Tsohon bai ko cire takalmi ba ya kafa madubinsa mai ƙara girman abu a bakin ƙofa inda haske yake. Tawa ya fara ɗauka, ya jinjina ta ya yi fito. Na gyara zama. Ya jiƙa ɗaya a ruwan ɗumi, ya sa matsefata a hankali ya buɗe ta, ya duba. Ya ce, "Mace." Ya buɗe ta biyu. "Mace." Ta uku, ta goma, ta ashirin. Gumi ya karyo mini duk da sanyin ruwan. Ya ɗago ya ce, "Lawali, ka kwaso mini iyayen dajin nan kaf. A wannan iri macen ce babba, ita ke ɗaukar ƙwai. Ba su da laifi, amma ba za su gaya mini daga ina suka fito ba."

Sai ya jawo ta Haruna. Na farko namiji. Na biyu namiji. A na biyar ya daɗe kan madubin, lofensa ya mutu bai sani ba. Ya ɗauko littafin zanensa ya buɗe shafin na Indiya ya ajiye a gefe, ya duba wannan ya duba wancan. Ya kira mu mu leƙa. Ko ni da zuciyata ke tafasa na ga kamar, lanƙwasar ƙafar da 'yan zanen gogawar kusan ɗaya. Ya ce wannan iri babu shi a kwalaben Faris duka, kuma shekara da shekaru yake neman mai kama da haka. Ya kama kafaɗar Haruna ya ce, "Kowa babba yake gani. Kai da masassara a jikinka ka bar manya ka ɗebi ƙanana. Wa ya koya maka?"

Haruna ya dube ni. Kalma ɗaya ta ishe ni: ni na kamo su. Amma in na faɗa, sai ya tambaye ni me ya sa babu ko ɗaya a tawa, sai in ce masa na zauna gaban ɗan'uwana marar lafiya na tsince abin da na ɗauka mai kyau na bar masa shara. Na sunkuyar da kai ina cire ƙaya da babu ita a ƙafata. Haruna ma ya yi shiru. Tsohon ya ɗauka kunya ce irin tamu, ya yi dariya ya kunna lofensa.

Haruna aka ba bursun, ni kaɗai na dawo Yamai. Kafin in iso gida wasiƙar Haruna ta riga ni, an karanta wa Goggo Mariya ita a gaban jama'a. Ya rubuta cewa yana kwance ba ya motsi, ni na shiga daji na sha ruwa da matsattsaku, na zaɓo masu daraja na zuba a kwalbarsa, na bar wa kaina marasa amfani, don na ga ubansa ya rasa dabbobi ni kuwa ina da aiki. Da na sauka daga mota Goggo ta riƙe kaina da hannu biyu tana kuka tana sa mini albarka. Liman ya yi misali da ni a wajen ɗaurin aure. Na koma Tanut ina rabon maganin fara, duk inda na bi ana nuna ni ana cewa ga wanda ya ba taubashinsa arzikinsa. Na ce a raina, wawan bawa, har yau bai gane ba, kuma ko wannan bai sanyaya mini rai ba.

Shekara bakwai sai ga shi ya dawo, bayan fari na biyu, ana ce masa Dokta, da mata da ciki. Ya kawo mini wata mujalla, a ciki ga zanen ƙafar nan ya cika shafi, a ƙarƙashi an sa wa halittar sunansa da wutsiyar Latin. Na ce, "Madalla, bawa, ka samu ɗa mai ƙafa arba'in da biyu." Aka yi dariya, na kai mujallar gida na tura ta ƙarƙashin katifa.

Da matarsa ta haihu aka yi suna a ƙauye. Da safe bayan an raba goro, liman ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Lawali. Jama'a suka juyo kaina, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Wallahi ji na yi kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Ana shafa fatiha na ja hannun Haruna zuwa bayan rumbu.

Na ce, "Haruna, ka canja wa yaron nan suna. Ban ba ka komai ba. Manyan na ɗauka maza ne, shi ya sa na kwashe. Cutarka na yi niyya."

Ya ɓare goro ya ba ni rabi. Ya ce, "Na sani, ubangijina. Idona biyu."

Na ce, "Me?"

"Ka kira ni sau biyu, ina jin ka. Ina kallonka ta ƙasan ido har ka danna murfi. Ni ma a lokacin na ɗauka manyan ne maza. Da ka gyara mini bargo ka fita, na yi kuka, na ce shi ke nan Lawali ya yanka ni." Ya tauna goronsa. "Da tsohon ya tambaya kuma na yi shiru, na ci abin da ka zuba mini. Kai da naka, ni da nawa."

"To wasiƙar fa? Me ya sa ka yi ƙarya?"

"In rubuta wa uwata cewa ɗan wanta ya yi mini haka? Ta daina shiga gidanku, mahaifinka ya mutu da kunya? Haba, Lawali. Ai bawa ba ya tona asirin ubangijinsa."

Aka kira shi daga zaure, wanzami ya iso. Ya kaɗe rigarsa ya tafi yana amsa barka. Na tsaya bayan rumbun da rabin goro a hannu. Shekara bakwai ina jin zafin ya fi ni ido, ya fi ni sa'a, ya fi ni karatu, ina lallashin kaina da cewa aƙalla akwai abu ɗaya da na sani shi bai sani ba. Ashe shi yake ɗauke da ni tun daga tabarmar nan. Na so in ji godiya, Allah ya sani na nema a cikin zuciyata. Abin da na tarar shi ne, ko a wannan ma ya fi ni.

Sai ga Goggo ta leƙo tana cewa in zo in karɓi takwarana. Na share fuska na je na miƙa hannu.